Motar kashe gobara: wa ke saye, wa ke gyara, kuma me ya sa take makara?

A duk shekara da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, hukumar kashe gobara ta jihar Kano kan shiga gidajen rediyo tana gargaɗin jama'a game da gaushin wuta, da hitar dafa ruwa, da ajiyar man fetur a cikin gida.

Sai dai a garuruwa irin su Getso, da ke ƙaramar hukumar Gwarzo a yammacin jihar, tambayar da jama'a suka fi yi ita ce: idan wutar ta riga ta tashi, daga ina motar za ta taso, kuma da ruwa nawa za ta iso?

Amsar wannan tambaya tana cikin kasafin kuɗi, da takardun kwangila, da garejin kanikawa, tun kafin a kai ga ƙarar jiniya.

Nisa da lokaci

Tsakanin birnin Kano da garin Gwarzo akwai tazarar kimanin kilomita 70.

Motar kashe gobara da aka cika da ruwa ba ta gudu irin na ƙaramar mota. Kowace lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, saboda haka motar da ta ɗauko lita 5,000 tana ɗauke da tan biyar na ruwa, ban da nauyin jikinta, da famfo, da tsani, da ma'aikata.

Idan irin wannan mota ta taso daga birni tana tafiyar kilomita 60 a cikin sa'a guda, to sai ta shafe fiye da sa'a ɗaya kafin ta kai yankin Gwarzo, wato idan ba ta gamu da cunkoso a Kabuga ba.

Ita kuwa wuta ba ta jira. Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka sun nuna cewa ɗakin da ke ɗauke da katifar soso, da labulen leda, da kayan roba, yana iya kamawa baki ɗayansa cikin ƙasa da minti biyar.

Wannan ne ya sa ƙungiyar NFPA, wadda ke tsara ƙa'idojin aikin kashe gobara a Amurka, ta ce a birane ya kamata motar farko ta isa wurin gobara cikin minti huɗu da barin tasharta.

Babu mai tsammanin za a cika wannan ƙa'ida a ƙauyukan Kano. Amma tana nuna cewa wurin da aka ajiye mota ya fi girmanta ko kyanta muhimmanci.

Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44. A shekarun baya-bayan nan, rahotannin wata-wata da hukumar kashe gobarar jihar ke fitarwa sun riƙa ambaton tashoshi ƙasa da 30, kuma da dama daga cikinsu a cikin birni da kewaye suke.

A ƙidayar 2006, ƙaramar hukumar Gwarzo na da mutane kusan 184,000, maƙwabciyarta Kabo kuma kusan 154,000. Shekaru kusan ashirin bayan wannan ƙidaya, jama'ar sun ƙaru matuƙa, haka ma shaguna, da gidajen mai, da wuraren sayar da iskar gas.

Abin da ke ƙonewa a karkara ma daban yake da na birni. Ana gama kaka hunturu ke shigowa, lokacin da rumbuna ke cike, an jibge kara da harawa a kan rufin ɗaki, ga dannin kara da zana sun bushe ƙamas. Manomin da rumbunsa ya ƙone a watan Disamba ya yi asarar abincin shekara guda ne, kuma babu kamfanin inshorar da zai biya shi.

Alhakin wa?

A Najeriya hukumomin kashe gobara hawa biyu ne.

Akwai ta tarayya, wadda ta samo asali daga rundunar 'yan sandan Legas a farkon ƙarni na 20, aka kuma yi mata doka a 1963. Tana ƙarƙashin ma'aikatar harkokin cikin gida, kuma tana da kwalejin horarwa a Sheda, kusa da Abuja. Ta daɗe aikinta bai wuce Legas da Abuja ba, sai daga baya, musamman lokacin da Rauf Aregbesola ya riƙe ma'aikatar tsakanin 2019 da 2023, aka ƙara sayo motoci aka tura su jihohi.

Sannan akwai hukumomin jihohi, waɗanda su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Albashin ma'aikatansu, da motocinsu, da mansu, duk daga kasafin kuɗin gwamnatin jiha suke fitowa.

To ina ƙaramar hukuma?

Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kafa kasuwanni, da tashoshin mota, da mayanka, tare da kula da su. Bai ambaci kashe gobara ba.

Ke nan ƙaramar hukuma na da hurumin karɓar kuɗin rumfa da na shiga a kasuwar mako irin ta Getso, amma babu inda tsarin mulki ya tilasta mata ajiye ko da tankar ruwa ɗaya domin ranar da kasuwar za ta kama.

Ba wai an hana ta ba ne. Ƙananan hukumomi 774 na ƙasar suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, jihohi na da kashi 26.72, gwamnatin tarayya kuma kashi 52.68. Sai dai kason ƙananan hukumomin ya shafe shekaru yana bi ta asusun haɗin gwiwa da gwamnoni ke iko da shi.

A ranar 11 ga watan Yulin 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. An yi ta kai ruwa rana kan yadda za a aiwatar da hukuncin. Ko da kuwa kuɗin ya iso hannun shugaban ƙaramar hukuma cif, motar kashe gobara za ta shiga layi ne tare da albashin malaman firamare, da asibitin sha-ka-tafi, da rijiyoyin burtsatse, da kwalbatoci.

A wannan layi kuwa takan zo a ƙarshe, domin ita ce kaɗai jama'a ba sa tunawa da ita sai ranar da aka neme ta.

Nawa ne kuɗinta?

Motar kashe gobara kamar abu biyu ne aka haɗa.

Akwai gangar jikin babbar mota, wato inji da giya da tayoyi, wadda kamfanoni irin su Mercedes-Benz, MAN, Iveco, Isuzu ko Sinotruk na China ke ƙerawa. Sai kuma abin da ake ɗorawa a kai: tanki, da famfo, da akwatunan kaya, da tsani. Wannan aikin wasu kamfanoni ne na daban, kamar Rosenbauer na Ostiriya, da Magirus da Ziegler na Jamus, da Pierce na Amurka.

Ba a cika samun irin waɗannan motoci a jibge ana jiran mai saye ba. Mai saye ne ke bayyana abin da yake so, a ƙera masa, ya jira watanni kafin a ɗoro ta a jirgin ruwa.

Cinikin da jihar Legas ta yi zai iya ba da haske kan farashi. A 2013, bankin tallafa wa cinikin waje na Amurka ya amince da bashin dala miliyan 15.7 domin jihar ta sayi motoci 32 daga kamfanin W.S. Darley na Amurka.

Idan aka raba wannan kuɗi gida 32, kowace mota ta tashi a kan kusan dala 490,000. A wancan lokaci, da ake canjin dala a kan kimanin naira 160, hakan na nufin naira miliyan 78 da 'yan kai.

A 2024, bayan da gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta saki darajar naira a watan Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500. A kan wannan canji, motar da ba a ƙara ko dala ɗaya a kan farashinta ba ta koma naira miliyan 735.

Ita ma dalar ba ta tsaya ba. A Amurka kanta, bayan annobar korona, farashin motar kashe gobara ta yau da kullum ya doshi dala miliyan ɗaya, mai dogon tsani kuma dala miliyan biyu, yayin da wasu garuruwa suka riƙa jiran shekaru kafin a kawo musu abin da suka biya. Lamarin ya kai ga wani kwamitin majalisar dattawan ƙasar ya yi zama a kai a 2025.

Motocin China da na Indiya da na Turkiyya sun fi araha nesa ba kusa ba, kuma can ne hukumomi da dama a Afirka suka karkata. Legas ta sake ƙaddamar da wasu motoci 62 a 2022, amma Legas ita ce jihar da ta fi kowace tara kuɗin shiga, kuma abin da take iyawa ba kowace jiha ke iyawa ba.

Akwai kuma hanyar kyauta. Ƙasashe irin su Japan sukan ba ƙasashe masu tasowa motocin da suka gama aiki a wajensu. Kyauta dai ba a raina ta, amma tana zuwa da nata sharuɗɗan. Motar Japan sitiyarinta a dama yake, Najeriya kuwa tun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama da mota mai sitiyari a hagu, don haka sai an sauya. Sannan bakin mesar Japan ba lallai ya shiga famfon Jamus ba, domin kowace ƙasa da irin mahaɗinta. Tashar da ke da motoci uku daga ƙasashe uku na iya samun kanta a wurin gobara da mesa a hannu, da ruwa a tanki, amma babu abin haɗa su.

Wace irin mota?

A nan ne ake yawan yin kuskure, tun a kan takarda.

Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, da takwarorinta na jihohi, sun tanadi a tallata kwangila, a karɓi tayi, a zaɓi mafi rangwame daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa. Muhimmin abu shi ne wanda ya rubuta sharuɗɗan.

Idan jami'in da bai taɓa riƙe mesa ba ne ya rubuta, ana iya sayo katafariyar mota mai ƙyalli wadda ta dace da titunan Abuja, amma ba za ta iya shiga lungun kasuwa ba, balle ta bi hanyar burji mai rairayi zuwa ƙauye.

Mota mai tsanin da ke kaiwa mita 30 tana da amfani a inda ake da dogayen benaye, kamar Kantin Kwari. A Getso, inda mafi yawan gine-gine ba su wuce hawa ɗaya ko biyu ba, kuɗin wannan mota ɗaya zai sayi ƙananan motoci da dama masu jan ƙafa huɗu, tare da tankokin ruwa masu bin bayansu.

Akwai kuma batun inji. Sababbin motocin Turai ana ƙera su ne da na'urorin rage hayaƙi waɗanda ke buƙatar dizal mai tsabta da wani ruwa na musamman, kuma kwamfuta ce ke sarrafa su. Idan suka sha gurɓataccen mai, ko wata 'yar na'ura ta lalace, motar na iya ƙin gudu, kuma bakaniken da ke gyaran tifa a bakin titi ba shi da abin da zai duba ta da shi.

Tsohon inji marar kwamfuta, wanda ake samun kayan gyaransa a Kofar Ruwa, sau da yawa ya fi daɗewa yana aiki a irin wannan yanayi.

Bayan an yanke kyalle

Ranar ƙaddamarwa ake ɗaukar hoto. Kashe kuɗi na gaskiya kuwa washegari yake farawa.

Motar kashe gobara tana lalacewa ko tana tsaye. Batir kan mutu idan ba a tayar da ita. Tayoyi kan tsattsage a rana ko da ba su taka ƙasa ba. Robobin da ke cikin famfo kan bushe su fara yoyo. Tankin ƙarfe kan yi tsatsa. Shi ya sa a tashar da ke aiki bisa ƙa'ida, kowace safiya ake tayar da mota, a gwada famfo, a duba birki da fitilu, a rubuta a littafi.

Wannan gwaji kansa mai yake ci. Famfon motar da injinta yake aiki, don haka duk tsawon lokacin da ake fesa ruwa, dizal ake ƙonawa.

A 2020 ana sayar da litar dizal a kan naira 200 da 'yan kai. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, ta haura naira 800, daga bisani ta wuce naira 1,000. Tashar da kuɗin gudanarwarta na wata bai tashi daidai da haka ba, dole ta rage wani abu, kuma abin da aka fi saurin ragewa shi ne gwajin safe da sauya baƙin mai.

Kasafin gwamnati kashi biyu ne: na manyan ayyuka, da na yau da kullum. Sayen mota na shiga kashi na farko, inda akwai kwangila, da biki, da sunan wanda ya kawo. Sayen taya da batir da matatar mai na cikin kashi na biyu, inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wannan bambanci kaɗai ya isa ya bayyana dalilin da ya sa a harabar ma'aikatu da dama a ƙasar ake ganin jajayen motoci a kan duwatsu, fentinsu bai ko dushe ba.

Daga nan sai a fara cire kayan wadda ta tsaya ana gyara wadda ke tafiya, har a wayi gari ta farkon ta zama kwarangwal, alhali abin da ya tsayar da ita tun farko bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗinta ba.

Ƙa'idar NFPA ta ba da shawarar cewa motar da ta shekara 15 a mayar da ita ta ko-ta-kwana, wadda ta shekara 25 kuma a sallame ta. Amfanin irin wannan ƙa'ida shi ne tana ba hukuma damar lissafi: idan mota za ta yi shekara 15, to a kowace shekara sai a ware kashi ɗaya cikin 15 na kuɗin wadda za ta gaje ta. Garuruwa da dama a Turai da Amurka haka suke yi. A Najeriya an fi sayen motoci ne a dunƙule bayan wata babbar gobara, sai kuma su tsufa a dunƙule.

Ban da mota, akwai abin da ma'aikaci ke sawa. Rigar shiga wuta, da hular kwano, da takalmi, da safar hannu, duk suna da wa'adi; a Amurka shekara 10 ne ga rigar. Tukunyar iskar da ake goyawa domin shiga hayaƙi ba ta wuce kimanin rabin sa'a, kuma idan ta ƙare sai da injin cika ta na musamman. Ma'aikacin da ba shi da ita ba zai iya shiga ɗaki mai hayaƙi ba, sai dai ya tsaya a waje yana fesa ruwa ta taga.

Gobarar fetur kuwa ba a kashe ta da ruwa zalla, domin man kan taso saman ruwan ya bi shi. Sai an gauraya da sinadarin kumfa, yawanci kashi uku ko shida cikin ɗari, wanda shi ma daga waje ake sayo shi kuma yana lalacewa idan ya daɗe. Hatsarin tankar mai da ya auku a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda fiye da mutum 150 suka rasu, ya nuna cewa irin wannan gobara ba ta birni ce kaɗai ba. Duk garin da ke bakin babbar hanya na iya gamuwa da ita.

"Sun zo babu ruwa"

Wannan shi ne zargin da aka fi yi wa 'yan kwana-kwana, kuma shi ne ya sha jawo a jefe su ko a farfasa gilashin motarsu.

Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Mesa ɗaya na iya fitar da kimanin lita 500 a minti guda. Idan aka buɗe biyu, lita 5,000 za ta ƙare cikin minti biyar.

Wanda ya iso wurin bayan minti shida zai tarar da mota babu ruwa, ya kuma rantse cewa haka ta zo.

A biranen da ke da famfunan gobara a bakin titi, ruwan tanki na fara aiki ne kawai kafin a jona mesa da bututun gari. Inda babu su, ko kuma akwai su amma bututun a bushe yake, dole motar ta bar wutar tana ci ta tafi neman ruwa.

Abin lura shi ne yankin Gwarzo da Kabo ba matalaucin ruwa ba ne. Akwai madatsun Guzuguzu, da Magaga, da Pada, ga kuma babbar madatsar Challawa a Karaye. Kusan kowane manomin rani a yankin ya san yadda ake tayar da injin ban ruwa a ja daga rafi.

Abin da ke raba wannan ruwa da wuta shi ne tanadi: gangaren da mota za ta iya sauka ta sha ba tare da ta kafe ba, da tankar da za ta riƙa jigila, da babban tanki a cikin kasuwa wanda ke cike a kowane lokaci, mai baki daidai da mesar hukuma. Duka waɗannan a haɗe ba su kai kuɗin mota ɗaya ba.

Tara kuɗi bayan toka

A ranar 26 ga watan Maris na 2016, gobara ta cinye kasuwar Sabon Gari ta Kano, inda hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ce shaguna kimanin 3,800 ne suka ƙone. Makonni kaɗan kafin nan kasuwar Singa ta kama. An kafa gidauniyar tallafi ƙarƙashin Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ya ba da naira miliyan 500.

A watan Janairun 2021 babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone, a watan Maris na shekarar kuma ta Katsina. A watan Yunin 2025, ranar Babbar Sallah, kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ta bi sahu.

Kusan kowane karo abu ɗaya ake gani: a nemi ɗauki daga motocin filin jirgin sama da na kamfanoni, manyan baƙi su zo jaje, a yi alkawarin gudummawa.

Dalilin da ya sa ake samun motocin filin jirgi a shirye shi ne dokokin sufurin jiragen sama na duniya. Idan motocin kashe gobarar fili ba su cika ba, ana rage masa daraja, manyan jirage su daina sauka. A can, rashin gyara na da hukunci nan take. A kasuwa babu mai rufe rumfa don tankin ruwa ya bushe.

Gobarar da ta fi ɗaukar rayuka ma ba lallai ta kasance a kasuwa ba. A watan Nuwamban 2021, yara fiye da 20 suka rasu a Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar lokacin da azuzuwan zana suka kama, watanni bakwai bayan makamancin hakan a Yamai. A watan Fabrairun 2025, almajirai 17 suka rasu a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda. A irin waɗannan wurare, mintunan farko ne ke raba rai da mutuwa, kuma wanda ke kusa ne kaɗai ke iya yin wani abu.

Wasu hanyoyin samun kuɗi

Dokar inshora ta 2003 ta wajabta yi wa gine-ginen da jama'a ke shiga inshora, ta kuma ce kamfanoni su riƙa zuba kashi 0.25 cikin ɗari na kuɗin da suka karɓa a wani asusun kula da hukumomin kashe gobara, ƙarƙashin hukumar NAICOM.

Wannan na nufin naira 25 a cikin kowace naira 10,000. Ko da kowa ya yi inshorar, kuɗin kaɗan ne. Ga shi kuma mafi yawan masu gine-gine ba su yi ba. A arewa akwai ƙarin shakku na addini game da inshorar zamani, abin da ya sa aka ba kamfanonin takaful lasisi. A watan Agustan 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar inshora da ta maye gurbin ta 2003.

Tunanin dai ba baƙo ba ne. A Jamus akwai haraji na musamman a kan inshorar gobara, wanda jihohi ke amfani da shi wajen taimaka wa garuruwa sayen motoci da horar da ma'aikata. A can kuma, ma'aikatan sa-kai kimanin miliyan ɗaya ne ke riƙe da tashoshin ƙananan garuruwa da ƙauyuka: manoma, da kafintoci, da malaman makaranta, waɗanda ke barin aikinsu idan aka kira. Gari ne ke sayen mota, mutanen gari ke tuƙa ta.

A Amurka ma kusan kashi biyu cikin uku na masu kashe gobara 'yan sa-kai ne, kuma tun daga farkon shekarun 2000 gwamnatin tarayya ke da wani shirin tallafi da ƙananan tashoshi ke nema domin sayen kaya.

Nijar ta bi tsarin Faransa, inda masu kashe gobara sojoji ne da ake kira ta lamba 18. Wannan ya ba su horo da tsari na bai ɗaya, amma bai kawar da matsalar nisa ba, domin su ma a manyan garuruwa suka fi yawa.

Ga gari kamar Getso, tsarin sa-kai ba zai zama sabon abu ba. Akwai 'yan sintiri, da 'yan agaji na ƙungiyoyin addini, da ƙungiyar direbobi, da shugabannin kasuwa da suka saba karɓar kuɗin mako domin biyan masu gadi. Abin da kayan aikin farko ke buƙata shi ne tanki, da injin ban ruwa mai ƙarfi, da mesa, da tukwanen kashe wuta, da babur mai ƙafa uku da zai ja su cikin lungu.

Wannan ba ya maye gurbin hukuma. Ɗan sa-kai marar horo da ya watsa ruwa a kan wayar lantarki mai rai ko a kan fetur na iya ƙara yawan gawa. Horarwa da duba kayan aiki dole su fito daga hukumar jiha, kuma ita ma tafiyar jami'inta daga Kano zuwa Gwarzo mai take ci.

Sannan aikin hukumar bai tsaya ga wuta ba. Rahotanninta na wata-wata cike suke da kiran ceto: yaron da ya faɗa rijiya, matashin da ya nutse a kududdufi da damina, fasinjojin da mota ta danne a kan hanya. A cikinsu har da kiran ƙarya, wanda kowane ɗaya kan fitar da mota daga tasha, ya ƙone dizal ɗin da aka ware domin kira na gaske.

Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ce daga kowane layin waya.